Katanga Ba Ta Raba Faɗan Cikin Aji

Tun bayan sace 'yan matan Chibok a 2014, maganar tsaron makarantu ta koma ta katanga da ƙofa da maigadi. Hakan na da amfani, amma katanga baƙo take tsarewa. Yaron da ya soke almakashi a ƙugu, yana jiran a tashi ya rama marin jiya, da kayan makaranta yake shigowa, har maigadi ya amsa gaisuwarsa.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare. A makarantun gwamnati na manyan garuruwanmu kuwa, aji kan cika har wasu su zauna a taga. Malamin da bai san sunan na layin baya ba, yaushe zai gane gabar unguwa ta biyo yara cikin aji? Sai a bar horo a hannun manyan ɗalibai, ƙarami ya sha duka, ya haɗiye, ya jira shekararsa.

Wasu za su ce a kori masu faɗa kawai. To, a kore su zuwa ina? 'Yan daba na bakin ƙofa suna jiran sababbin yara. Wasu kuma 'yan sanda suke so, alhali ɗan sanda sai jini ya zuba ake kiransa. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024. Ma'aunin da ya dace a auna ta da shi shi ne yawan malaman da ke tsaye a fili lokacin tara, ana rububin sayen awara.