Jawabi a Kan Gyaran Kan Injin Motar Ƙungiya

Iyayenmu dattawa, shugabannin ƙungiya, da ƴan'uwa da kuka zo daga Kano, Yamai da Damagaram, ina gaishe ku.

An ce in yi bayani a kan motarmu Peugeot 504, wadda ke ɗaukar rake zuwa kasuwar Matamaye, kuma ita ke kai marar lafiya likita cikin dare. Kun ji ta yi zafi a hanyar Ɗan Barto, makanike ya ce sai an cire kan inji, wanda ake kira kilas a nan, a Kano kuma tof-silinda. Wasu sun ce kuɗin aikin ya yi yawa. Ina roƙon ku saurara kafin a yanke shawara.

Gangar injin baƙin ƙarfe ce, kan kuwa alminiyam ne. In ruwa ya ƙare inji ya yi zafi, alminiyam yana lanƙwasa. Tsakanin su biyu akwai wani faifai, juwan ko gaskit, mai raba wuta da ruwa da baƙin mai. In ya ƙone za a ga farin hayaƙi, ruwan lagireto yana kumfa, mai ya koma kamar kunu.

Abubuwa huɗu za mu biya.

Na ɗaya, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a kan kilas. In ya lanƙwasa, a kai shi wurin masu injin gyara fuska. Sabon juwan ba ya riƙe kai mai lanƙwasa.

Na biyu, juwan sabo. Tsoho ya riga ya matse, ba a mayar da shi. Sa'an nan silindar 504 cirewa ake yi, ba a haɗe take da ganga ba. Muddin kai na cire, kada a juya inji sai an danne su, in ba haka ba ruwa zai zuba cikin mai ta ƙasa.

Na uku, ɗauri. Notin kai goma ne. Ana fara ɗaurewa daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan kaɗan, da sifana mai awon ƙarfi, ba da ƙarfin dantse ba. Bayan kilomita 1000 a komar da mota, a sake ɗaurewa inji na sanyi, a daidaita supap.

Na huɗu, bakin salansa, ƙarfen da ke tara hayaƙin silinda huɗu. Shi ma a sa masa sabon juwan, a ɗaure daga tsakiya. In yana yoyo, hayaƙin na ɗauke da wata iska mai guba, ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da barci. Ku tuna da direba da mai naƙuda, gilashi a rufe, lokacin hunturu.

Tun 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, saboda haka ƴan'uwanmu na Kano sun san inda ake samun kayanta. Muna roƙon su sayo juwan mai kyau, ko da ya fi tsada. Araha ba ta ado. In muka rage yau, gobe za a sake buɗe inji, mu biya sau biyu.

Direba kuma ya duba ruwa kowace safiya, ya dinga kallon allurar zafi. In ta hau, ya tsaya.

Iyayenmu, shawara tana hannunku. Allah ya kiyaye hanya, ya ƙara mana zumunci. Wassalam.