Dukiyar Baƙi da ta Farare a Amurka



Ana gaya muna baƙar fata na Amurka sun samu 'yanci tun 1865. Gaskiya ne. Amma da mi a hannunsu? A watan Janairu na wannan shekara Janar Sherman ya yanka ma bayin da aka 'yanta gonaki, har eka 40 kowane gida. Shekara ba ta ƙare ba shugaba Andrew Johnson ya soke, aka maida yawancin gonakin ga iyayengijinsu na da. Alhali dokar 1862 tana ba mutum eka 160 kusan kyauta, kuma farare suka kwashe mafi yawa.

Daga 1934 gwamnati ta tsaya ma masu cin bashin sayen gida, amma unguwannin baƙi aka ja musu jan layi, bankuna suka juya musu baya. Sai 1968 doka ta haramta wannan. To uban da bai mallaki gida ba, mi zai bar ma ɗiyansa?

Ga lissafin babban bankinsu na 2022: dukiyar matsakaicin gidan farare dala 285,000, ta gidan baƙi 44,900. Dalar Amurka muke nufi, ba tamu ta tamma biyar ba. Ku karanta ma jama'arku wannan lissafi ran kasuwa.