Numfashi Ta Bututu: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Tsofaffin Ɗalibai



Da sakatare ya ce in yi magana a kan kula da lafiya, na ce masa ni ba likita ba ne. Ya ce to, in faɗi abin da ya sa tumbina ya sace. Shi ne zan faɗa.

A shekarar 2021 hawan jini da ciwon gwiwa suka haɗar mini. Likita ya ce motsa jiki ya zama tilas, amma gwiwar ba za ta ɗauki gudu ba, sai dai ninƙaya. Na yi dariya, don akwai waɗanda ke zaune a nan da muka sha bulala tare saboda iyo a kududdufin bayan makaranta. Ashe iyon kududdufi daban, na motsa jiki daban. A wurin ninƙaya fuska ake kifawa cikin ruwa, ana juya wuya ana ɗaukar numfashi, ni kuwa wuyan ya riga ya sage. Ba na cin mita 25 sai na tsaya ina haki.

Sai mai koyar da mu ya miƙo mini bututun numfashi, wanda suke kira sinokal. Ba irin na masu kallon kifi a teku ba ne, mai bin gefen kunne. Wannan ta gaban goshi yake miƙewa, a ɗaure shi da maɗauri, a riƙe bakinsa da haƙora. Babu sauran juya wuya.

Ran farko, jama'a, na ɗauka ajali ne ya zo. Ga iska a bakina, amma ji nake kamar an shaƙe ni. Na dinga jan numfashi da sauri da sauri, abin sai ƙaruwa yake, har na fizge bututun na miƙe ina tari, yara ƙanana suna kallona.

Malaminmu na Bayoloji yana nan, ya gyara mini in na yi kuskure. Abin da ke sa mutum jin ƙuncin numfashi yawanci ba ƙarancin oksijin ba ne, taruwar iskar kabon ce a jini. Numfashin baligi a zaune bai fi rabin lita ba, kuma kusan mililita 150 daga ciki a hanya take tsayawa, ba ta kai inda jini zai amfana. To bututun nan ya ƙara wa hanyar tsawo. Duk lokacin da ka fitar da numfashi, akwai gurɓatacciyar iska da ke saura a cikinsa, ita za ka fara ja. Mai numfashi sama-sama, kusan abin da ya zubar yake sake kwasa. Maganin shi ne ka ja a hankali ka cika ƙirji, ka fitar a hankali har ƙarshe. Fitarwar ma ta fi jan muhimmanci.

Mako guda na yi a inda ruwa bai wuce ƙuguna ba, na dafa bango, fuska a ruwa, ba abin da nake sai numfashi. Hanci ya dame ni da shigar ruwa, na sa ɗan abin matse shi. Muƙamuƙi ya yi tsami don ina cizon robar kamar ganda, aka ce in sassauta. In ruwa ya shiga bututun kuwa, hurawa ɗaya mai ƙarfi ta fitar da shi, sai dai ka tabbata ka rage iskar da za ka hura.

Wani ɗan ajinmu ya tambaye ni me zai hana a sa doguwar mesa a yi nutso. Ba ya yiwuwa. Da ka yi zurfin kamar mita ɗaya, nauyin ruwa ya danne ƙirji, ba ka iya jan iska daga sama.

Yanzu ina yin rabin awa, sau uku a mako, ban kuma daina shan magani ba. Mai ciwon zuciya ko asma ya fara ganin likita, kuma kada kowa ya shiga ruwa shi kaɗai. Bututun yana cikin jakata, mai son gani ya same ni bayan cin abinci.