Rancen Karatu Da Albashin Injiniya: Jawabi Ga 'Yan'uwa Mazauna Kudu

Ya ku iyaye da 'yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Fatakwal, waɗanda neman abinci ya raba ku da Yola da Jimeta alhali 'ya'yanku suna can gida suna karatu, maganar da zan yi muku yau ta lissafi ce. A ce yaro ya sami shiga Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, a ƙetaren kogin Binuwai, wadda aka kafa a 1981, zai koyi aikin injiniya na sarrafa sinadarai, watau ilmin da ake tace mai da shi, a yi takin zamani da siminti da sukari. Karatun shekara 5 ne. Shin ya ci bashi ya yi shi, ko kuwa abin da zai samu daga baya ba zai fanshe shi ba?

Dattawa daga cikinku za su tuna an taɓa kafa hukumar ba ɗalibai rance a 1972, zamanin Janar Gowon, ta kuma durƙushe saboda da yawa sun ci ba su biya ba. Na yanzu shi ne asusun NELFUND, wanda aka sa hannu a kan sabuwar dokarsa a watan Afrilu na 2024. Sharuɗɗansa su ne abin dubawa. Ba kuɗin ruwa a cikinsa, abin da ya kwantar wa iyaye da yawa hankali, ba a kuma neman mai tsaya wa yaro. Kuɗin makaranta jami'a ake biya kai tsaye, sa'an nan wanda ya nema ana ba shi naira 20,000 kowane wata na abinci. Ba za a fara binsa ba sai shekara 2 bayan ya gama yi wa ƙasa hidima, a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na albashinsa. Wanda bai sami aiki ba yana iya yin rantsuwa a ɗaga masa, wanda kuwa ya riga mu gidan gaskiya an yafe.

To, bari mu ƙirga. In yaro ya karɓi kuɗin abinci kowane wata har shekara 5, naira miliyan 1.2 ke nan. Mu ƙaddara kuɗin makaranta naira 100,000 a shekara, don misali kawai, jimla ta kai miliyan 1.7. Wanda ya sami aikin naira 500,000 a wata zai riƙa biyan 50,000, cikin wata 34 ya fita. Wanda ya ƙare a naira 150,000 zai kai shekara 9 da rabi yana biya. Wanda kuwa ya tsaya a mafi ƙarancin albashi da aka yanke a 2024, naira 70,000, sai ya shekara 20 da bashi a wuyansa. Bashin ɗaya ne, takardar digirin ɗaya ce, aikin da aka samu shi ne ya raba su. Bugu da ƙari, bashin da ba ya haihuwa yana ramewa in kaya suna tsada, kuma a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari.

Saboda haka a ganina wannan rance ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne uba ya je banki ko wurin mai ba da kuɗi da ruwa, ya jinginar da shagonsa na kasuwa ko gidansa na Jimeta, don ya kai yaro jami'a mai zaman kanta inda ake biyan miliyoyi a shekara, wadda asusun gwamnati bai shafe ta ba. Wannan bashi ba ya jiran kowa ya gama hidimar ƙasa.

Sauran tambaya, ina aikin yake? A Adamawa, in ka ɗebe kamfanin sukari na Numan da 'yan masana'antun ruwan sha da abincin dabbobi, wuraren da ke neman irin wannan injiniya ba su da yawa. Akwai siminti a Ashaka ta Jihar Gombe. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 ta yi shekaru ba ta tace mai. Manyan wuraren suna nan kusa da ku: matatar Dangote a Lekki, mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, wadda ta soma aiki a 2024, da kamfanin taki na Indorama a Eleme, da na iskar gas a Bonny. Masu neman shiga kuwa sun fito daga Zariya da Legas da Ife da Benin, ba kuma kowa ake ɗauka ba.

A nan ne hannunku ya shigo. A shekara ta huɗu ana tura ɗalibi koyon aiki a masana'anta na wata 6, kuma yaron da ya yi nasa a ofishin da ba injin ko ɗaya ya yi asara babba. Wanda ke da ɗaki a Legas ko Fatakwal ya saukar da ɗan ɗan'uwansa, sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyi su kai takardun yara wurin waɗanda suka sani a kamfanoni tun kafin lokaci. Uban da kuma yake iya aika naira 20,000 a wata daga cinikinsa, ya bar yaro ya karɓi na makaranta kaɗai, bashin miliyan 1.7 ya koma naira 500,000.