Shan Taba a Wurin Kirista

'Yan'uwanmu masu neman abinci a Manchesta da Barmingam sun aiko da tambaya: shin Kirista na lissafa shan taba cikin zunubi?

To, bakinsu bai zo ɗaya ba. Littafinsu bai ambaci taba ba, gama ba ta shiga Turai ba sai bayan 1492. Katolika sun ce a guji wuce gona da iri. Shaidun Jehobah kuwa, tun 1973 suke fitar da mashayin da ya ƙi bari.

Amma mu gargaɗi yaranmu: tun 2007 dokar Ingila ta hana busa sigari cikin kanti, ma'aikata, coci ko masallaci. Wanda ya kunna, tara ta hau kansa.