Kuɗin naka ne, amma kati ya ce a'a: jawabi kan matasa da ƙofar banki

An ba ni lokaci kaɗan, kuma na ga shayi na biyu ya hau wuta, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Ni ɗan Sarkin Hausa ne, cikin gundumar Mayahi, jihar Maraɗi. Maganar da na zo da ita yau maganar katin banki ce. Na san wani zai ce a ransa: muna fama da tsadar gero da rashin aiki, wanga ya zo mana da zancen kati. Ku yi mini haƙuri ku ji abin da ya faru da ƙanena, in na gama sai ku yanke hukunci da kanku.

Yaron nan shekararsa 22. Ya gama karatun digirin farko a Maraɗi, ya samu wata makaranta a ƙasar waje da ke karɓar takardun neman shiga ta intanet. Kuɗin ajiye takarda Yuro 50 ne. Tun da Yuro ɗaya sefa 655,957 ne, abin bai kai jika 33 ba. Kuɗin kuma yana da su. Wake ya noma da damina ya sayar, ya haɗa da abin da yake samu wajen cajin salula, ya zuba a asusunsa. Saura mako uku a rufe. Ya zauna da dare, ya cika komai, ya sa lambar katinsa. Shafin ya ce ba a karɓa ba. Ya sake har sau huɗu, amsa ɗaya.

Da safe ya shiga mota zuwa Maraɗi. A gishe aka gaya masa katinsa na cikin gida ne, in yana son biya a waje sai an sauya masa da na ƙasa da ƙasa. Ya ce to a sauya. Aka ce ya kawo kwafin katin ɗan ƙasa, da hotuna, da takardar shaidar mazauni, da abin da ke nuna inda kuɗinsa ke fitowa. Ya ce: "Ranka ya daɗe, ni manomi ne kuma ɗalibi, wa zai ba ni takardar albashi?" Aka ce ya dai kawo abin da ya samu.

Zuwa na biyu, takardu sun cika, sai aka duba aka ga sunan da ke kan asusu da wanda ke kan katin ɗan ƙasa sun bambanta da haruffa biyu. Kun san ciwon nan: Mahamadou, Mahamane, Mamane, mutum ɗaya ne a gida, mutum uku ne a takarda. Zuwa na uku, an gyara suna, sai ga maganar waya. Lambar da ya bayar ranar buɗe asusu tsohon layi ne na kawunmu, kuma can ne za a riƙa aika saƙon tabbatarwa duk lokacin da zai biya. Da aka gama wannan ma, aka ce katin ba a nan ake buga shi ba, ya jira makonni.

Saura kwana biyu a rufe, ya je wajen wani mai shago da ke biya wa mutane da katinsa. Ya ba shi jika 40 a kan abin da bai kai 33 ba. An biya, alhamdu lillahi. Amma ku lissafa kuɗin mota sau uku zuwa da dawowa, da kwanakin da ya bar sana'arsa, da jika 7 na mai shago. Katin ya iso bayan an rufe. Da ya dawo gida, tsohuwarmu ta dube shi ta ce: "To kai, in kuɗɗinka ne, mi ya sa sai ka roƙa?" Tambayar nan ce ta kawo ni gabanku.

Bari in fara da adalci. Ma'aikacin da ke zaune a gishe ba shi ya rubuta dokokin ba. Akwai dokar yaƙi da halatta kuɗin haram da ta wajabta wa kowane banki ya san wanda yake hulɗa da shi, kuma biyan kuɗi zuwa wajen yankinmu yana ƙarƙashin ƙa'idojin canji. Wannan ba laifi ba ne. Matsalar ita ce an ɗinka rigar a kan ma'aikacin gwamnati da ke Yamai, mai albashi, mai takardar kuɗin wuta da sunansa, sannan aka miƙo ta ga ɗan Sarkin Hausa aka ce ya saka.

Ga yadda abin yake, don da yawanmu muna riƙe da kati ba mu san irinsa ba. Ƙasashe takwas ne ke cikin ƙungiyar UEMOA: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kwaddibuwa, Gini Bisau, Mali, Senegal da Togo. Babban bankinsu ɗaya ne, BCEAO, hedikwatarsa tana Dakar, yana kuma da reshe nan Maraɗi. A 2003 aka kafa GIM-UEMOA don katin wani banki ya yi aiki a na'urar wani banki cikin yankin. Abu ne mai kyau: kana iya cire kuɗi a Kwatano ko Lome da katin da aka ba ka a Maraɗi. Amma katin da ke ɗauke da tambarin GIM kaɗai iyakarsa yankin nan. Makaranta a Turkiyya, ko shagon sayar da kayan gyaran salula a Sin, ko kamfanin da ke tallata sana'arka a Facebook, yawanci Visa ko Mastercard suke nema. Ko ka samu irin wannan ma, wasu bankuna sai ka nemi a buɗe maka biya ta intanet, kuma akwai iyakar abin da za ka iya kashewa a rana ko a mako. Duk wannan, sau da yawa ba a gaya maka ranar da ake miƙo maka katin farko. Sai ranar da ka ci karo da bango.

Ba mu kaɗai ba ne. Ƴan uwanmu na Katsina da Kano sun ɗanɗana: daga 2022 bankunan Najeriya da dama suka dakatar da biyan kuɗi a waje da katin naira, sai a 2025 wasunsu suka dawo da shi. Mu kuma mun ga namu bayan 26 ga Yuli 2023. Da aka ƙaƙaba takunkumi a 30 ga watan, kun tuna layukan da aka yi a ƙofar bankuna, da yadda aka ƙayyade abin da mutum zai cire daga kuɗinsa. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma tsoron bai gama fita daga zukatan mutane ba. Tun kafin nan ma, binciken Bankin Duniya na 2017 ya nuna kimanin kashi 16 cikin ɗari ne kawai na manyan mutane a Nijar ke da asusu. Saboda haka yaron da ya ɗauki kuɗin wakensa ya kai banki da ƙafarsa, abin da ya kamata a yi masa shi ne maraba.

Kada kuma wani ya ce mutanenmu ba su san ajiya ba. A jihar nan ta Maraɗi aka fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, wanda yau ake koyi da shi a ƙasashe da yawa. Iyayenmu mata suna riƙe da asusu da lissafi da amana ba tare da gishe ba. Mutanen Tasawa da Mayahi suna aika kuɗi kullum ta Nita da Amana da Al Izza, suna amfani da kuɗin salula. Waɗannan hanyoyi sun zo kusa da mu, shi ya sa muka rungume su. Sai dai ranar da kake buƙatar biyan wani abu a wajen yankin, kati ne ake tambayarka.

To mene ne a hannunmu? Na farko, mu san haƙƙinmu. Tun 1 ga Oktoba 2014, BCEAO ta wajabta wa bankuna su yi wasu ayyuka 19 kyauta. A ciki akwai buɗe asusu da rufe shi, zuba kuɗi a bankinka, cire kuɗi a na'urar bankinka, duba abin da ya rage maka a na'urar, biya da kati cikin yankin, da takardar bayanin asusu ta wata-wata. Akwai kuma wanda ya shafi labarin ƙanena kai tsaye: gyara bayanan da ke cikin takardunka na banki, musamman na shaidar kai, kyauta ne. Shi katin kansa ba ya cikin na kyauta, yana da kuɗinsa, amma wajibi ne banki ya bayyana farashin ayyukansa. Ka nemi takardar farashi ka karanta kafin ka sa hannu. Haka kuma dokar UEMOA ta 2002 kan hanyoyin biyan kuɗi ta ce mai samun kuɗin shiga a kai a kai yana da haƙƙin a buɗe masa asusu, in bankuna uku suka ƙi shi a jere, babban banki na iya zaɓar wanda dole ya buɗe masa.

Na biyu, mu gyara namu. Yau da dare kowa ya fito da takardar haihuwarsa, da katin ɗan ƙasa, da takardun makaranta, ya jera su. Suna ɗaya ne? Harafi da harafi? Ranar haihuwa ɗaya ce? In akwai bambanci, ka fara neman gyara tun ba ka shiga matsi ba, don gyaran takarda yana iya kai ka gidan shari'a, kuma ba a yinsa cikin kwana uku. Layin wayarka ya kasance da sunanka, ba na kawu ko na aboki ba. Mai ƙane ko ƙanwa da aka haifa kwanan nan, ka matsa wa gida a je a yi rajista a ma'aikatar magajin gari tun yaro yana goye. Da yawanmu an rubuta mana 1 ga Janairu ne don ba a yi hakan ba.

Na uku, ranar da za ka buɗe asusu ko sauya kati, yi tambayoyi huɗu kafin ka tashi daga kujera. Katin nan yana aiki a wajen UEMOA? An buɗe masa biya ta intanet? Nawa ne iyakarsa? Kwana nawa kafin ya fito, kuma nawa ake cira a shekara? Ka roƙi a rubuta maka duk takardun da ake buƙata a takarda ɗaya, don kada a riƙa faɗa maka su ɗaya bayan ɗaya kana biyan kuɗin mota. Ka kuma tambaya ko suna da katin da ake zuba wa kuɗi tun da farko a kashe iya abin da ke ciki, don sau da yawa sharuɗɗansa sun fi sauƙi. In an ɓata maka lokaci, ka rubuta koke, ka riƙe kwafi mai hatimi da kwanan wata. Faɗa a bakin gishe iska ke ɗauke shi. Takarda ita ke zama.

Na huɗu, gargaɗi, kuma da mu nake. Kada ka ba kowa lambar sirrin katinka. Kada ka ɗauki hoton kati gaba da baya ka tura a WhatsApp. Saƙon tabbatarwa da ke zuwa a wayarka naka ne kai kaɗai, ma'aikacin banki na gaskiya ba zai kira ka ya nemi ka karanta masa shi ba. Kada ka ara wa wani asusunka ya wuce da kuɗin da ba ka san asalinsu ba don ya ba ka na goro. Ranar da abin ya ɓaci, sunanka ne a rubuce. Ƙanena ya yi sa'a mai shagon mutumin kirki ne. Da ya karɓi kuɗin ya ce an biya alhali ba a biya ba, ina shaida?

Sai abin da muke nema daga masu iko da masu bankuna, kuma ba abu ne mai wuya ba. A manna jerin takardun sauya kati a ƙofar kowane reshe, da Faransanci da Hausa. A yarda da shaidar ɗalibta, ko ta sana'a, ko tarihin shige da ficen kuɗi a asusun mutum, a madadin takardar albashi, tun da mafi yawan matasan ƙasar nan ba albashi suke ci ba. A faɗa wa mutum ranar da katinsa zai fito, a kuma aiko masa da saƙo in ya iso, kada ya taso daga Sarkin Hausa don ya ji "dawo jibi". A ƙananan hukumominmu kuma, a yawaita zaman da alƙalai ke fitowa ƙauyuka suna yi wa marasa takardar haihuwa takarda, masu rubutu kuma su riƙa karanta wa iyaye sunan da suka rubuta kafin a buga hatimi.

Ga aikin da nake roƙon kowace fada ta ɗauka daga nan zuwa wata guda. Duk wanda ya taɓa neman sauya kati ya rubuta sau nawa ya je, me aka nema, nawa ya kashe, kwana nawa ya jira. Ba zagi, ba sunan ma'aikaci, lissafi kawai. In muka tara na Mayahi da na Tasawa da na Maraɗi, za mu je mu zauna da su da abin da ba a musantawa. Wanda kuma ya riga ya bi hanyar ya fita, ya raka na bayansa ranar da zai je.

Katin ƙanena yana aljihunsa yanzu. Makon da ya wuce ma shi ya zauna da wata yarinya ta unguwarmu suka jera takardunta, suka gano harafi ɗaya ya ɓace a sunan mahaifinta. Ta fara neman gyara, kuma ita ba ta da wa'adin mako uku a kanta.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.