Bulokcen da Haƙƙin Mawaƙi: Sunan Wa Aka Rubuta?

Shugaban taro, malamaina, mawaƙa da ɗalibai, na gode da gayyata. Lokaci kaɗan aka ba ni, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Shekara da shekaru ina jayayya da abokan aikina masu ilimin kwamfuta a kan abu ɗaya. Su suna cewa bulokcen zai raba mawaƙi da zaluncin kamfanonin sauraron waƙa. Ni kuma ina cewa ba a nan ciwon yake ba. Kun san yadda fasahar take: littafin lissafi ne da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, ga yarjejeniya mai zartar da kanta, da an saurari waƙa kuɗi ya rabu nan take. Ban musa cewa tana aiki ba.

An ma gwada. A 2015 mawaƙiyar Ingila Imogen Heap ta saki waƙarta "Tiny Human" a dandalin Ujo Music, bisa bulokcen na Ethereum, a kan santi 60. Kowane makaɗi da ya taɓa waƙar an rubuta kasonsa, kuma ya samu. Abin da aka tara gaba ɗaya dala 133 ne da santi 20. Rabon ya yi adalci, masu saye ne babu. Audius, wani dandalin waƙa na bulokcen da ya fito a 2019, ya tara masu sauraro, amma a shekarunsa na farko sulallarsa ta AUDIO yake ba waɗanda waƙarsu ta yi tashe, darajarta kuma tana hawa tana sauka. A Yulin 2022 aka yi masa kutse aka kwashe sulalla sama da miliyan 18. Mai iyali ba zai auna hatsin gidansa da wannan ba.

Yanzu ga lissafin da nake so ku tafi da shi gida. A 2018 Amurka ta yi dokar sabunta harkar waƙa, aka kafa hukumar da ake kira MLC. A Fabrairun 2021 kamfanonin sauraron waƙa suka miƙa mata dala miliyan 424. Apple ya kawo kusan miliyan 163, Spotify kusan miliyan 152. Wane kuɗi ne wannan? Haƙƙin marubuta waƙa ne da ya taru shekaru, an saurari waƙoƙin, an ware kuɗin, amma ba a san wa za a ba ba. Ku dubi wannan da kyau. Banki bai gaza ba, waya ba ta katse ba, kuɗin yana ajiye. Suna ne babu. Wani an rubuta sunansa ba daidai ba, wata waƙar mutum huɗu suka rubuta aka ambaci biyu, wata kuma faifan yana da lamba amma ba a haɗa shi da rubutaccen baitinsa ba. Wannan a Amurka ke nan, ƙasar lauyoyi da takardu. Da a ce an ɗora waɗannan waƙoƙi a bulokcen, da kuskuren aka ɗora, kuma a littafin da aka gina don ya yi wuyar gogewa. Spotify da kansa ya sayi kamfanin bulokcen mai suna Mediachain a 2017 domin wannan matsala, amma shekara huɗu bayan haka ga shi da miliyan 152 marasa mai su.

Abin ya shafe mu, domin Spotify ya shigo Najeriya a 2021, kuma ya ce mawaƙan ƙasar nan sun samu fiye da naira biliyan 58 a 2024. Ku shiga kowane situdiyo a Kano ku gani. Yaro na zaune gaban fiyano da kwamfuta tun la'asar, ya haɗa kiɗa, a sallame shi a hannu. Wanda ya rubuta baitin aboki ne, an ce ai ana tare. 'Yar amshi ta karɓi kuɗin mota ta tafi. Ba takarda ko guda. Gobe wani ya ɗora waƙar a intanet da sunansa, kuɗi ya bi sunan. Wace yarjejeniya mai zartar da kanta za ta biya yarinyar nan, alhali ba wanda ya rubuta cewa ta zo?

Za a ce mini bulokcen yana kawar da dillalai. To, wanda zai ɗora waƙar, da mai canza sulalla zuwa naira, su ma dillalai ne. Wannan ya isa amsa.

Ga shawarwarina. Kada mawaƙi ya bar situdiyo sai an cika takardar kaso, shafi ɗaya, da Hausa, kowa ya sa hannu, har mai kiɗa da 'yan amshi. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, wadda sabuwar dokar da aka sa wa hannu a 2023 ta ƙara wa ƙarfi, ta buɗe rajistar da kowa zai iya dubawa ta wayarsa kyauta. Sai kuma ƙungiyoyin mawaƙa su sa baki a kan yadda ake raba tukunya. A yanzu kuɗin da ka biya na wata ana zuba shi wuri ɗaya ne a raba bisa yawan sauraro, wato mai sauraron waƙar Hausa zalla mafi yawan kuɗinsa yana tafiya ga taurarin da bai taɓa kunnawa ba. Tun 2024 ma Spotify ba ya biyan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a shekara ba. SoundCloud ya fara wani tsari a 2021 inda kuɗin mai sauraro ke bin wanda ya saurara, kuma bai nemi bulokcen ba kafin ya yi. Shi ya kamata mu nema.

Ɗalibanmu masu son gina manhaja, ina roƙonku ku fara da rajistar nan. Na kawo samfurin takardar kaso, tana kan teburin bakin ƙofa, kowane mawaƙi ya ɗauki guda.